Agwagin Kawu Sun Samu Tafki, Mu Mun Rasa Gari

Shekara bakwai ke nan da rasuwar kawuna, Malam Isiya, manomin albasa a wani ƙauye da ke gefen fadamar Shinkafi. Allah ya jiƙansa, mutum ne mai rigima a kan abin da ba nasa ba. Da an gama girbi, agwagin daji kan taso daga wata uwa duniya su sauka a tafkin bayan gari su huta. Sai Kawu ya bar ban-ruwa ya zauna kallonsu, kuma duk maharbin da ya doso wurin sai sun kwashi 'yan kallo. Har Sarkin Agwagi muke ce masa. Yakan ce tsuntsayen nan ba sa sauka sai wurin da ke lafiya, matarsa Inna Hajo kuwa ta riƙe maganar kamar karatu.

Bai ga gudun hijira ba. Bayan rasuwarsa 'yan bindiga suka tashe mu. Yau Inna tana ɗakin aro a Kaura Namoda, ba ta da zance sai na komawa gida. Bana ta matsa mini in je in dubo mata tafkin: in agwagi sun sauka, to ƙura ta lafa, za ta koma.

Na bi masu babur na je. Ban taɓa ganin agwagi haka ba. Sun rufe ruwan, wasu na kwance a gonar Kawu, wasu har bakin rijiyar gari. Na matsa kusa, ko gezau. Cikin gari kuwa babu hayaƙi ko a gida ɗaya, ciyawa ta toshe ƙofar zaurenmu. Wannan ne hutun da Kawu ya yi ta nema musu? Anya zai iya zama ya kalle su yanzu?

Ina dawowa Inna ta tare ni.

"Ɗan nan, sun taho?"

Na ce sun zo, fiye da kowace shekara. Ta miƙe ta fara ɗaure kaya, dole na faɗa mata sauran. Ta saki kayan ta koma ta zauna.

"Ashe mu munka hana su sakewa," in ji ta.

Gonar Kawu ta tafi, kabarinsa ma na kasa gane shi cikin ciyawa. Abin da ya rage mana nasa shi ne tsohuwar nan da ta gaskata shi har ƙarshe. Washegari ta kwance ƙullin kayanta, ta aike ni in tambayo mata inda mutanen unguwar da take zaune ke binne mamatansu.