Takun Yaya Bube

Shekara bakwai ke nan cif da rasuwar yayana Bubakar, wanda duk Malanbil ta sani da Bube. Bana ma, da ruwan Kwara ya janye, ni na sauka bakin kogi na binne gwangwanaye biyar a rairayi, aikin da a da nasa ne. A aljihuna akwai 'yar na'urar GPS ɗin da na kunyata shi da ita a gaban mutane. Har ya koma ga Allah ban buɗe baki na ce ya yafe mini ba, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan.

Mu 'ya'yan makiyaya ne daga wajen Gene. Yaya Bube ya bar shanu tun yana saurayi, ya nufi Kwatano, ya yi shekara ashirin da 'yan kai yana ɗaukar wa masu hali jakar sanduna a filin golf. Aikin bai tsaya ga dako ba. Mai wasa zai tsaya a kan ƙwallonsa ya tambaye shi nisan da ya rage zuwa rami, da amsarsa kuma ake zaɓar sandar da za a buga. Saboda haka ya horar da ƙafarsa har takunsa ɗaya ya zama mita ɗaya. Ranar da ya dawo gida, tsarabarsa tsohuwar jaka ce, da sanduna shida, da ƙwallaye cike da wata safa. Innarmu ta jujjuya sandunan ta ce ko maraƙi ba za su kora ba.

Mu huɗu muka biye masa: ni da nake koyarwa a makarantar gari, da Alhaji Sani ɗan Kamba mai sayen albasa, da wani tsohon ma'aikacin duwan, wato kwastam, da wani mai gyaran kabu-kabu. Ranar Litinin bayan la'asar muke haɗuwa, kasuwa ta riga ta watse. Masu kwalekwale da mata masu wanki sun sha dariya, wai ga manyan mutane da gemu suna bin ƙwan zabo da sanda. Mu ko a jikinmu.

Filinmu na bazara ne kawai. Kowace shekara kogi yakan cika ya shafe komai, ba ya barin alama sai wata giginya da ke kan tudu. In ruwa ya sauka, Yaya zai jingina bayansa da giginyar, ya yi bisimilla, ya taka ɗari da sittin ya binne gwangwanin tumatir na farko. Daga nan ya taka zuwa na biyu, har biyar. Ba shi da takarda, ba shi da igiya. A cikin wasa kuwa ba abin da kake ji sai "Bube, nawa?" Yana faɗa ka zari sanda, ba musu. Mutumin da bai yi aji ɗaya a makaranta ba, a wannan rairayin shi ne malaminmu, kuma yana jin daɗin abin har cikin ransa.

Sai ƙwallayenmu suka fara wuce rami. Ka buga da kyau, ka ga abu ya tsallake gwangwani ya faɗa ruwa. Ba a sayar da ƙwallon golf a kasuwarmu, duk girmanta, don haka kowane ya nutse safar nan ce ke ramewa. Muka ɗora wa iska laifi. Yaya ya ce Alhaji ne ke cin dambu da yawa, ƙarfi ya yi masa yawa. Haka muka yi bazara uku ko huɗu.

Na je Kwatano wani taro na ga na'urar a hannun wani. Ba ta fi akwatin ashana biyu ba. Ka tsaya a bakin rami ka danna, ta riƙe wurin, daga nan duk inda ka je za ta nuna maka mita nawa ne tsakaninku. Allah ya sani gwiwoyin Yaya na tuna, don a lokacin sai ya dafa ƙasa yake miƙewa. Amma ba zan yi wa mamaci ƙarya ba, akwai kuma son burgewa irin na malamin makaranta.

Ban nuna masa a gida ba, nan ne kuskurena. Na je fili da wuri na danna a kan gwangwanaye, na jira kowa ya hallara a gindin giginya. Alhaji ya yi tambayar da ya saba, ko da yake kowa ya san amsar. Yaya ya ce ɗari da sittin. Ni kuma na ɗaga abina sama na ce ɗari da ashirin da takwas ne. Alhaji, ɗan kasuwa mai son gwada sabon kaya, ya mayar da sandarsa ya zari ƙarama. Ƙwallo ya tashi ya sauka dab da gwangwani.

Ba wanda ya yi tafi. A gidanmu ƙane ba ya gyara wa wansa magana a gaban baƙi, ko da saniya ya ƙirga sau biyu. Sai a bari a koma gida. Na san wannan tun kafin in san baƙaƙe. Yaya ya ce madalla, ya ɗauki jaka ya bi mu har rami na biyar, ba wanda ya sake tambayarsa komai. Litinin uku a jere bai sauko ba.

Wata safiya bayan an fito masallaci na same shi a ƙofar gidana.

"Manu, ɗauko abin nan naka mu tahi."

Muka sauka kogi, ba kowa sai balbelu. Ya sa na danna a gindin giginya, ya taka ɗari yana ƙirgawa a fili, ya tsaya ya kira ni.

"Nawa tac ce?"

"Tamanin, Yaya."

Ya koma ya sake. Tamanin da ɗaya. Ya daɗe yana kallon sawunsa a rairayi.

"Ashe ba laihin iska ba na. Ƙahwata ta rage. Shekara nawa ina zubda muku ƙwallo ga ruwa ina muku dariya?"

A nan na gane abin da ya faru. Tsufa ya taƙaita takunsa a hankali, shi kuma yana ta binne gwangwani a taku ɗari da sittin, sai filin ya riƙa tsukewa tare da shi ba wanda ya lura. Na so in nemi gafara, kunya ta hana maganar fita. Ya tono gwangwanin da hannunsa ya ce in kai shi inda ɗari da sittin na gaskiya yake. Na kai. Ya koma giginya ya tako. Taku ɗari biyu daidai.

Litinin ta gaba shi ya fara zuwa, kuma da bakinsa ya gaya wa mutane. Tun daga ranar na'ura ke ba da nisa, shi kuma ya faɗi abin da ba ta sani ba: inda rairayi ke da laushi, da yadda iska ke juyawa in ta bugi tudun Gaya da ke ƙetaren kogi. Amma "Bube, nawa?" ta mutu, kuma na ga yadda yake ɗan juyowa in wani ya tsaya a kan ƙwallo. Ya ƙara bazara uku yana taka ramin farko don kansa. A ta ƙarshe sai da ya zauna ya huta a tsakiya.

Yau mun kai mu goma sha ɗaya. Sababbin ba su ma buƙatar na'urata, wayoyinsu da agogunansu na yin aikin. Nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya gan su, kowa kansa a sunkuye kan hannu. Ina jin zai tsokane su, sannan ya ce su nuna masa. Bai taɓa zagin na'urar ba, gaskiya ta faɗa, shi kuma mutum ne da ya gwammace ya tone gwangwaninsa da ya ci gaba da ɓatar da mutane. Laifin bai taɓa zama nata ba. Na wanda ya ɗaga ta sama ne.

Abin da ya bar mini shi ne ƙirgen. Duk shekara nakan jingina da giginyar, in bar na'ura a aljihu, in taka zuwa ramin farko. Shekarar da ya rasu na samu ɗari da saba'in. Shekaranjiya na samu ɗari da casa'in da ɗaya. Na ciro ta na duba, ta ce ɗari da sittin, ba ragi ba ƙari. Ba kowa a wurin, amma sai da na waiga ko wani ya gani. Sai a lokacin na san nauyin abin da na yi masa, na faɗi maganar da ta maƙale mini shekara goma, da ƙarfi, a gaban balbelu.

Allah ya jiƙanka, Yaya, ya sa ka yafe. Taku tara ya rage in cim maka.