Yashin Iya Abu

A ƙauyenmu, can wajen Makoda, akwai wani marmaro a gindin ɓaure, ƙasan gonakin gero. Dokarsa ɗaya ce tun kaka da kakanni: duk wanda ya ɗebi ruwa, sai ya kwashe yashi cikin tafin hannunsa daga idon ruwan, ya zubar a bayan bishiyar. Ina yaro haushin dokar nan nake ji, don yashin sanyi gare shi.

Kakata Iya Abu ce ta gyara mini zama. In an ci tuwo, sai ta zauna gaban murhu tana tura kara a wuta, mu jikoki mu kewaye ta. Ranar da aka kai mata ƙarata cewa na ɗebo ruwa na tsere, ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, "Matso nan, mai gidana, ragon miji. Ga ta nan tafe, ta yau taka ce."

Wai an yi wata mata mai gaggawa, ta ce tafi ɗaya nata ba zai rage komai ba, ta ɗauki tulunta ta wuce. Maƙwabciyarta ta gani, ita ma ta daina. Kafin kaka, kowa ya daina. Marmaron ya yi ta tari, yashi na shaƙe shi, har ya yi fushi ya nutse ƙasa. Sai da garin ya yi wata bakwai yana tono da hannu yana ba shi haƙuri, sannan ya leƙo.

Na ce, "Iya, ruwa yana tari?"

"Sosai ma. Kai ne ba ka tsayawa ka ji."

Da na girma aka haƙa mana burtsatse mai sola, kowa ya juya wa marmaro baya. Ban da Iya Abu. Kullum da hantsi za ta dogara sanda ta gangara, ta kwashe tafinta ɗaya ta dawo. Mun sha yi mata dariya, ni ne ma kan gaba.

Bazarar da ta biyo bayan rasuwarta, injin burtsatsen ya lalace. Kwana uku awaki na kuka, randuna sun bushe. Muka gangara gindin ɓaure da fatanya, muka ga yashi ya binne wurin kusan gaba ɗaya. Sai muka tarar da wani ɗan gurbi daidai inda Iya ta saba kwashe tafinta, faɗinsa bai wuce ƙwarya ba, yana da laima. Nan muka tona, kafin la'asar ruwa ya tsattsafo.

Na tsuguna na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba. Allah Ya jiƙan Iya. Yanzu duk zuwana gida sai na gangara, kuma tafi biyu nake kwashewa: ɗaya nawa, ɗaya na ranar da na tsere.