Baba Lutfi, Gajeren da Ke Auna Dogaye

Ƙarfe shida da rabi na safe Baba Lutfi Abdulbasiɗ yake saukowa daga motar haya a bakin makarantar horar da 'yan sanda, jaka a hammata, gurasa da wake ƙunshe cikin jarida. Masu gadi sukan sara masa, ko da yake bai taɓa saka kaki ba. Ya wuce ɗakin awo, ya buɗe taga, ya goge sandar auna tsawo da tsumma, sannan ya hau ma'aunin nauyi don ya ga ko ma'aunin ya kwana lafiya. Idan allura ta tsaya a kilo hamsin da takwas, to komai daidai, don Baba Lutfi bai ƙaru ba bai ragu ba tun da ya yi aure. Daga nan sai ya jawo 'yar kujerarsa ta katako ya ajiye a gindin sanda. Ba ta zama ba ce, ta hawa ce.

Ƙa'idar makarantar ba ta da tsawon bayani. Duk mai son shiga sai ya kai santimita ɗari da saba'in, ƙirjinsa da nauyinsa su cika, idonsa ya ga nesa, ya kuma bambance ja da kore. Sai takardar shaida ta fito daga wannan ɗaki da sa hannun Baba Lutfi kafin likita ya buga hatimi. Shi kuwa mai sa hannun, tsawonsa ɗari da sittin da ɗaya ne. Yana ɗan shekara goma sha tara ya zo neman aikin ɗan sanda, mai awon wancan lokaci ya dubi sanda, ya dube shi, ya ce, "Ɗana, ina sauranka?" Lutfi ya koma gida da kuka, ya yi karatun jinya, ya dawo ta ƙofar ma'aikatan lafiya. Yau shekara talatin da huɗu ke nan yana hawa kujera yana leƙa tsakar kan dogaye, kuma ƙarshen watan nan zai yi ritaya.

Babu dabarar da samarin yankin nan ba su gwada masa ba. Akwai masu tara gashi su shafe shi da mai har ya miƙe kamar zankon zakara. Akwai masu manna kwali a dunduniya su rufe da safa. Wani siririn yaro ya ɗirka ruwa jarka guda don nauyinsa ya cika. Baba Lutfi ya ji cikin yana ƙugi, sai ya zaunar da shi, ya shiga ba shi labarin ambaliyar kogi ta zamanin kakanni, yadda ruwa ya riƙa kwarara, yana kwarara, yana malala cikin gonaki. Kafin ruwan ya iso gonar liman yaro ya ruga banɗaki.

Wani kuma ya haddace allon gwajin ido tun daga gida. Ya tsaya ya rufe ido ɗaya, ya karanto haruffa daga sama har ƙasa babu gargada.

"Masha Allah," in ji Baba Lutfi. "Idonka ya fi na kowa a ƙasar nan, don allon da ka karanta yana cikin durowa. Wannan da ke bango kalandar masu sayar da taki ce."

Iyaye ma ba a bar su a baya ba. An kai masa agwagi gida, an kai tulunan zuma, wani dattijo har da ɗan maraƙi. Duk sun koma inda suka fito, matarsa Badriyya, Maman Hisham, tana tsaye a ƙofa tana rakiyarsu da ido.

Amma jarrabawarsa ta gaskiya ta zo ne shekara goma sha tara da suka wuce, kuma daga cikin gida ta fito. Badriyya tana da yaya mai suna Hajiya Ni'imat, mace mai murya, wadda ko mijinta sai ya nemi izini kafin ya yi tari. Ɗanta Ramzi yana son wata yarinya, uban yarinyar kuma ya ce ba zai ba da 'yarsa ba sai ga mai aikin gwamnati. Aka auna Ramzi a jikin bangon gida, ya tsaya a ɗari da sittin da tara.

Ranar Juma'a Hajiya Ni'imat ta gayyaci Baba Lutfi cin abinci. Tantabaru cushe da shinkafa, miyar lalo da naman zomo, ga ta tana ƙara masa tun kafin ya cinye.

"Baban Hisham, santimita ɗaya fa," ta ce. "Kaurin wannan gurasar ma ya fi shi. Wa zai gani?"

"Ni zan gani, Hajiya."

"To ka ɗan lumshe ido mana! Ba ka ƙiftawa ne?"

"Ina ƙiftawa. In na buɗe, sandar tana nan inda na bar ta."

Ta janye farantin tantabarun daga gabansa.

Ranar awo Ramzi ya shigo yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da tiren ƙwai a ka, idanunsa sun yi ja. Ya jingina da sanda. Baba Lutfi ya hau kujera, ya sauko da katakon awo, yana taɓa kan yaron sai ya ƙwalla ƙara. Sanda ta nuna ɗari da saba'in da rabi. Baba Lutfi ya sa yatsa ya buɗa gashin, ya ga ƙulu ya tashi a tsakar kai kamar ƙwan agwagwa.

"Ramzi, mene ne wannan?"

"Haka aka haife ni, Kawu."

"Ni na yi maka kiran salla a kunne ranar da aka haife ka, ban ga wannan ba. Wa ya buge ka?"

Yaro ya sunkuyar da kai. "Mama ce. Da 'yar taɓaryar daka tafarnuwa. Ta farko bai tashi sosai ba, sai ta ƙara."

Sauran samarin da ke layi suka bushe da dariya, har kofur mai kiran sunaye sai da ya juya ya fuskanci bango. Baba Lutfi bai yi dariya ba. Ya duba idon yaron da tocila, ya tabbatar kwanyar ba ta taɓu ba, ya aika aka sayo ƙanƙara, ya ɗora masa a ka, ya zaunar da shi ƙarƙashin fanka har la'asar. Da kumburin ya saɓe ya sake auna shi sau uku, yana addu'a a zuci ko Allah zai sa sandar ta canza magana. Ɗari da sittin da tara. Ya ɗauki biro, ya rubuta abin da ya gani.

"Kawu, aurena fa," in ji Ramzi, hawaye na zuba.

"Na sani, ɗana. Ni ma a gindin sandar nan na yi nawa kukan. Amma in na shigar da kai da ƙarya yau, gobe bindiga za a ba ka a ce ka tsare gaskiya. Da wane ido za ka kama mai takardar jabu?"

Kwana arba'in Maman Hisham ba ta ɗora nama a gidan ba. Miyar adas, ɗan ƙaramin waken nan na talaka, da safe, miyar adas da yamma. In ya ce gishiri bai ji ba, sai ta ce, "Saura kaɗan ne ya cika. Ai ka san zafin saura kaɗan."

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, ranar da yake cin adas na goma ya tafi gidan uban yarinyar, ya zauna tun azahar har magariba. Ya ce masa yaron da ya yarda a fasa masa kai sau biyu saboda 'yarka, ka tabbata za ka samu irinsa a ofishin gwamnati? Tsoho ya ce a ba shi shekara guda ya ga sana'ar yaron. Ramzi ya kafa injin matse rake a daidai ƙofar makarantar. Duk wanda ya ci awo ya sha ruwan rake don murna, wanda ya faɗi ya sha don huce takaici. Yau shagonsa uku, 'ya'yansa huɗu da yarinyar nan, ga tumbi ya yi gaba. Hajiya Ni'imat kuwa har gobe ba ta amsa sallamar Baba Lutfi. Ko a gidan makoki suka haɗu, sai ta ce wa na kusa da ita, "Ku gaya wa mai sanda mun gode da zuwa."

Kada a ɗauka kora kawai Baba Lutfi ya iya. Sufeto Mitwalli, wanda ke kula da zirga-zirgar motoci a babbar gada, yakan ba da nasa labarin ga duk wanda ya tsaya. Ya zo daga ƙauye da jallabiyar aro, bai taɓa shiga ofis ba, tun tasowarsa an koya masa ya rusuna in ya ga mai takalmi. Ya tsaya a sanda kafaɗu a zube, wuya a lanƙwashe, aka samu ɗari da sittin da takwas. Magatakarda har ya fara kiran na gaba. Baba Lutfi ya daka tsawa daga kan kujera.

"Kai! Wa ka yi wa sata?"

"Ba kowa, ranka ya daɗe."

"To me ya sa kake tsayuwar ɓarayi? Miƙe! Ɗaga haɓa! Duk ɗakin nan babu wanda ya fi ubanka."

Mitwalli ya miƙe, ƙashin bayansa har ƙara ya yi. Ɗari da saba'in da uku. Yakan ce tun daga ranar bai sake sunkuya wa kowa ba sai a salla.

Kai ne wannan, Baba Lutfi. Gajere mai hangen tsakar kai, wanda ba a yi wa wayo. Kai ne ka hana ɗan gida santimita ɗaya da ba nasa ba, ka ƙwato wa baƙo biyar da tsoro ya danne masa. Ba a taɓa rataya maka lambar yabo ba, sunanka bai taɓa fitowa a jarida ba sai dai ta ƙunshe maka wake. Amma duk ɗan sandan da ya fito daga makarantar nan yana bambance jar fitila da koriya, yana kuma iya hango lambar mota daga nesa, mun san ta hannunka ya bi. Mun gode. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka lafiyar cin fanshonka, ya sassauta zuciyar Hajiya Ni'imat.

Mun tambaye shi me zai yi in ya ajiye aiki. Ya ce limamin unguwa ya riga ya damƙa masa daidaita sahu, kuma tun yanzu jama'a sun fara kai ƙara wai ana tayar da iƙama sau biyu kafin ya gamsu da diddigen mutane.

Saura mu. Kowannenmu akwai abin da aka ba shi ya auna, ko hatsi, ko magani, ko takardun jarrabawar yara, kuma kowannenmu yana da wata Hajiya a dangi da farantin tantabaru a hannu. Ranar da ta tura maka farantin ta ce wa zai gani, ka tuna akwai wani ɗan tsoho a garin nan da ya ce shi zai gani, ya koma gida ya ci adas, kuma bai mutu ba.