Marin da Ban Kai wa Maƙera Ba

Sana'ata kwashe gidaje ce. In mutum ya rasu aka raba gado, akwai tarkacen da ba ya rabuwa: turmi, randa, tsohon sirdi, akwatin da kwari suka ci, ƙyaure, garma. Magada sukan kira ni in saye su a dunƙule, in ɗora wa jakuna in kawo Birnin Gwari. Da jaki ɗaya na fara, zamanin da Turawa suke sare dajinmu suna fitar da hanyar mota, kuma kafin gemuna ya yi fari ina da takwas.

Ƙa'idata biyu tun farko. Ba na ɗaukar ko allura sai an shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, an zaunar da shaidu biyu, na ɗaga kowane abu na faɗi sunansa, magaji ya ce ya sallama. Hakan na hana wani ƙane ya biyo ni daga baya ya ce na sace masa buta. Sannan duk wanda zai ɗaukar mini kaya, da bakinsa nake son jin ya yarda, kuma a tafin hannunsa nake sa ladansa. Mutane sukan ce tsoron Allah ne ya sa ni haka. Akwai wannan, amma akwai kuma wani gida a Kakangi.

A gidan nan aka haife ni. Uwata baiwa ce. An haife ni bayan Turawa sun ce duk ɗan da aka haifa ɗa ne, ba bawa ba, amma maganar ba ta shiga zauren maigidan ba. Uwata ta yi niƙa a gidan har hannunta ya ƙi miƙewa, ranar da ta rasu ma sai da aka gama sussukar dawa aka kai ta. Na gudu a daminar da ta biyo, ban yafe ba, ban kuma taɓa cewa na yafe ba.

Da tsohon maigidan ya mutu, babban ɗansa ya aiko a kira ni, don ba wani dillali mai jakuna a yankin sai ni. Mun yi wasan ƙasa tare da shi. Na same shi a zaure ya sha rawani, ya ƙi ba ni hannu.

“Bacucanen gidanmu ne ya zama mai jakuna,” in ji shi. “Zo ka kwashe abin da uwarka ta bari ba ta wanke ba.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, a fito da kayan.”

Shaidu su ne liman da wakilin dagaci. Wanda yake fito da kayan wani dattijo ne, Bagwari, da na sani tun ina yaro. Shi ke kiwon dokin gidan, kuma yakan ɓoye mini gasasshiyar doya a bayan barga. Ya tsufa, yana tafiya da ɗan gajeren taku, wandonsa har ƙasa duk da zafin da ake yi. Magajin ya ce kada in wahalar da kaina neman 'yan dako, dattijon zai kai mini randa har gari a ka, ba sai na ba shi komai ba, in dai na koro shi gida kafin rana ta faɗi. Na tambayi dattijon ko ya yarda. Bai dube ni ba, ya dubi magajin.

Ƙarfe ne ƙarshen abin da ake fitowa da shi, don awo nake sayensa in kai wa maƙera. Magajin kuwa ya san haka, saboda haka ya sa aka tattaro duk abin da zai ƙara nauyi, har da na cikin barga. A cikin tsibin na ga mari, ƙarfen nan da ake ɗaure ƙafar bawa. A gidajen tsofaffin attajirai da yawa na tarar da shi, ya yi tsatsa har yana ɓarɓashi, ba wanda ya damu. Wannan sai na zura yatsa a cikin zoben. Sumul yake, yana sheƙi kamar bakin lauje a kaka. Ƙarfen da aka ajiye shekara guda ba ya haka. Fata ce take goge shi, kuma kwanan nan.

Ban bari fuskata ta nuna komai ba. Na ɗaga shi sama kamar yadda na ɗaga buta da garma.

“Mari guda, na gidan nan.”

“Haɗa da shi, na sallama,” in ji magajin, yana duban ma'auni.

Liman ya gyaɗa kai, wakilin dagaci ma haka.

Da muka shiga daji na tsayar da jakuna, na sauke randar daga kan dattijon na ɗora wa jaki. Na ce, “Baba, ɗaga wandonka in gani.” Ya ɗaga. Gyambo ne zagaye da idon sawu biyu, ɗanye. Ya ce sau biyu yana ƙoƙarin komawa wajen danginsa a Randagi, tun daga nan ake ɗaure shi duk ranar da ba aiki. Ya ce in ban mayar da shi ba za a zo a kama shi, ni ma a ja mini. Na ce masa in yana son komawa ga hanya nan, ba zan riƙe shi ba, in kuma ba ya so akwai ɗaki a gidana. Ya bi jakuna.

Ban kai ƙara nan take ba. Alƙali surukin gidan ne, na san zai ce a je a sasanta. Na jira kwana tara har Joji, Baturen mulki, ya zo rangadi ya zauna a kotu. Ni ba masoyin Turawa ba ne. A shekarun nan su da kansu suna sa a ɗebi mutane aikin hanya da haƙar kuza ba da son ransu ba. Amma dokar tasu ce, kuma ba sa son a kunyata su da ita a bainar jama'a. Na ajiye marin a gaban alƙali, dattijon ya nuna ƙafarsa.

Magajin ya rantse bai taɓa ganin ƙarfen ba, ya ce ni na ƙera shi don tsohuwar gaba. Aka kira liman. Mutum ne mai tsoron manya, amma ba zai yi ƙarya bayan ya taɓa Alƙur'ani ba. Ya ce a gabansa aka ɗaga, a gabansa aka sallama. Wakilin dagaci ya bi bayansa da murya ƙasa-ƙasa.

Aka ba dattijon takardar 'yanci, aka ɗaure magajin. Da dogarai suka fito da shi ya tsaya gabana yana haki, ya ce ashe abin da na zo yi ke nan. Na ce masa na zo sayen tarkace ne, shi ya sayar mini. Wasu dattawan gari sun same ni daga baya, suka ce na wuce gona da iri, ai gidan ya ciyar da ni. Na ce su je su tambayi kabarin uwata da ke bayan rumbunan gidan wa ya ciyar da wa.

Na yi wa dattijon tayin aiki wajen jakunana, da lada. Ya ƙi. Ya ce ya gaji da bin bayan dabbar wani. Da ƙafarsa ta warke na raka shi Randagi, muka tarar 'yar ƙanwarsa ce kaɗai ta rage cikin waɗanda suka san sunansa na asali. Ta ba shi gefen gona, ya shuka doya kunya ashirin, ya ci kaka huɗu a kanta kafin Allah ya karɓi abinsa.