Matar da Ke Zama da Mma

Da mahaifiyarmu Mma ta fara ruɗewar tsufa, yayyena maza suka yi shawara ta waya, ɗaya daga Kumasi, ɗaya daga Jamus. Ba su daɗe ba suka gama: ni ce mace, ni ce a nan unguwarmu ta Nima. "Allah ne zai biya ki," in ji babban. To, Allah na biya, amma har yau haushin maganar nan bai bar ni ba.

Ina koyarwa ne a wata ƙaramar makaranta a unguwar Kanda. Mai makarantar ta ce za ta riƙe mini gurbina zuwa ƙarshen zango, in ya wuce haka ba ruwanta.

Gidanmu na haya ne, ɗakuna a jere. Da hantsi kowa ya watse, mata sun tafi kasuwar Malam Atta, yara makaranta, sai gidan ya yi tsit, ba abin da kake ji sai ɗigar famfo. A wannan shirun Mma take kafa mini ido. Ba ta san ni ba. In na kawo koko sai ta kau da kai, ta ce ita ba ta cin abincin baƙi, 'yarta malama na nan tafe.

Dabara ta zo mini. Bayan azahar sai in sa atamfar makarantarmu, wadda muke sawa ran Juma'a, in rataya jaka, in fita ta baya, in zaga lungu ta bakin gwata, in shigo da sallama. Nan take fuskarta ta washe.

"Kin dawo? Yaya yaran?"

Sai ta ci tuwo har da ƙari. Wallahi wani lokaci in na yi sallamar nan, ni kaina nakan ɗan dakata, kamar ina jiran wata ta amsa daga ciki.

Zango ya ƙare. Na kira Kumasi, ya ce kasuwa. Na kira Jamus, ya ce takardu. Mai makaranta ta kira da kanta, cikin ladabi, ta ce sun ɗauki wata.

Ranar ma na sa atamfar, na zaga, na yi sallama. Mma ta kama hannuna, ta jawo ni kusa, ta rage murya tana leƙen bayana.

"Matar nan da ke yini da ni, tausayi take ba ni. Ba aiki, ba mai leƙo ta. Ɗazu na ji tana kuka a bayan ƙofa. Ki tambaye ta, ina 'yan'uwanta da suka bar ta haka?"

Na juya na dubi tabarmar da na yini a kai. Zanena na nan a yashe, da kofin kokon da ta ƙi sha.

Na ce, "To, Mma. Zan tambaye ta."