Saurayin da Ke Hoton Zaure

Shekarar da nake rubuta kundin kammala karatu a kan wani shahararren ɗan siyasa na zamanin iyayenmu, malamin da ke duba aikina ya hana mu sakat da magana ɗaya: duk abin da ka tsinta a intanet, ka bi sawunsa har inda ya fito. Wa ya fara sa shi, kuma yaushe? Na riƙe maganar nan gam, har abokaina suka fara kirana sarkin bin ƙwaƙƙwafi, ni kuwa ina jin daɗin sunan.

A lokacin ne wani tsohon hoto ya yi ta yawo a wayoyin mutanen yankinmu na Kiru. Ga jagoran nan tsaye a bayan mota, jama'a sun yi masa zobe, an rubuta a ƙasa wai a Kwanar Dangora aka ɗauka. Babana ya ƙura wa wani siririn saurayi mai karkatacciyar hula ido, ya ce wallahi shi ne. Dama tun muna yara yake ba mu labarin yadda ya taka a ƙafa daga Yako don kawai ya ga mutumin nan. Ya sa aka wanko hoton, aka sa masa gilashi, ya rataye a zaure. Duk baƙon da ya zo, kafin ya sha ruwa sai an nuna masa saurayin.

Na so in sa hoton a kundina, sai na bi sawunsa kamar yadda aka koya mini. Na same shi a taskar wata tsohuwar jarida da cikakken bayaninsa. A wani gari mai nisa aka ɗauka, lokacin Baba bai isa ko kiwon awaki ba.

Na iso gida ranar Juma'a, na tarar da abokan Baba a zaure bayan an sauko daga masallaci, shi kuma Baba yana tsaye da yatsa a kan gilashin hoton. Da na jira sun watse, da an wuce wurin. Amma ilimi yana cina kamar ƙaiƙayi. Na zaro waya na yi musu bayani dalla-dalla, har ina miƙa wa kowa ya gani da idonsa. Wani ya ce to, Allah shi kyauta, ya fara laluben takalminsa.

Baba ya daɗe yana duban wayar, sannan ya ce a hankali, "Amma dai na je."

A nan na gane ɓarnar da na yi. Hoton na ƙaryata, amma tafiyar tasa ce ta bi ruwa, don yanzu duk wanda ke wurin yana shakkar ta. Na koma makaranta na yi ta neman wata shaida cewa jagoran ya taɓa tsayawa a kwanar nan, ko da layi ɗaya, in kai wa Baba a gaban mutanen. Ban samu ba.

Da na dawo hutu, carbi ne rataye a ƙusar da hoton yake a da. Kunya ta ishe ni, na zauna kusa da shi na roƙe shi ya sake ba ni labarin ranar daga farko, na ce zan sa a aikina a matsayin shaidar wanda ya gani da ido. Bai yi fushi ba, har murmushi ya yi.

Ya ce, "Ka duba a wayarka mana."