Shekarar da Na Koma Bencin Baya

Shekara tara ina shugabantar matan cocinmu a Gusau. Ni ke ba da waƙa, ni ke buɗe taro da addu'a, ni ake turawa gaida marasa lafiya. Kowa cewa yake, "Mama, Allah ya ba ki baki."

Ban san lokacin da abin ya soma ba. Na dai lura ina addu'a hankalina yana kan miyar da na bari a wuta, amma bakina bai taɓa sarƙewa ba. Littafi Mai Tsarki kuwa sai in zan koyar nake buɗe shi.

Wata Laraba da damina aka tare mota a hanyar Bilbis, aka shige daji da mijin wata 'yar cocinmu, malamin makaranta a Tsafe. Mu huɗu muka je gidanta. Tana ganina ta riƙe hannuna.

"Mama, ki roƙa mini. Ke Allah yana jin ki."

Na durƙusa na fara. Kalmomi suka yi ta zuba, matan suna amin suna kuka. Ni kuwa idona a buɗe, ina kallon wata kaza tana tono a gindin randa. Ko ɗar ban ji ba.

Da na gama matar ta matso kusa da kunnena. "Don Allah ki gaya mini gaskiya, zai dawo?"

Na kau da ido. Maƙwabciyarta ce, wata tsohuwa Musulma, ta shigo da kunu ta ce, "Ku bar ta ta sha, tun jiya ba ta sa komai a ciki ba." Ta zauna tana shafa mata baya.

Ranar Asabar na tafi Bungudu wurin tsohon fastonmu da ya yi ritaya. Na same shi yana gyara ƙotar fartanya, na zayyana masa komai.

"Baba, ko na bar bangaskiya ne ban sani ba?"

"Ni ma na yi shekara biyu a haka," in ji shi. "Kuma kowace Lahadi ina kan bagade ina wa'azi."

"Me ya fitar da kai?"

Ya ajiye fartanyar. "Ban tabbata na gama fita ba, 'yata. Amma na daina ɓoyewa."

Na sauka daga shugabanci, na koma bencin baya. Wasu suka ce fushi na yi, wasu suka ce ciwo ne.

Bayan mako shida aka sako malamin, ya rame ƙwarai. Matarsa ta miƙe a coci lokacin sujada ta ba da shaida cewa addu'ata ce Ubangiji ya amsa. Jama'a suka waiwayo suna tafa mini. Na sunkuyar da kai. Har yau ban san ko ya kamata in tashi in gyara mata zancen ba, ban ma san me zan gyara ba.